Sannu ba ta hana zuwa: labarin wani allo da aka jira shekara biyu

Duk wanda ya taɓa zama majalisar mai shayi a Deule, ko Buza, ko Madawa, lokacin da ake karanta labarun yamma, ya san abin da za mu faɗa. Ana cikin sauraren radiyo sai wata ƙara ta shigo ta danne muryar mai magana, kafin a ankara salular wani da ke kusa ta yi kuka. Wani lokaci kuma maƙwabci ne ya kunna na'urar da yake cajin wayoyi da ita, sai radiyo ya kama shuuu kamar ana suyar ƙosai. Jama'a sukan ce tashar ce ta lalace, ko batir ya yi sanyi, ko kuwa iska ce ba ta da kyau. Sau da yawa tasha lafiyarta lau, batir ma da sauransa. Wata na'ura ce kusa take fitar da abin da za mu kira hayaniyar lantarki.

Wannan hayaniya tana cikin abubuwan da suka hana wani ƙaramin allo fitowa kasuwa kan lokacinsa, alhali dubban mutane a ƙasashe da yawa suna jiransa da kuɗinsu a hannu. Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu labarin, domin darasin da ke cikinsa ya shafi mai sayen caja a kasuwar ƙauye, ya kuma shafi ma'aikacin gwamnati wanda ke sa hannu a takardar sayen kayan makaranta.

Na'urar da ba ta fi tafin hannu ba

A birnin Kambirij na Ingila, wani masani mai suna Eben Upton da abokan aikinsa suka lura cewa samarin da ke zuwa jami'a koyon ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda wasu ke kira kwamfuta, wasu kuma ordinatar, sun iya amfani da ita amma ba su san cikinta ba. Dalili kuwa shi ne na'urar ta yi tsada, uba ba ya barin ɗansa ya kwance ta ya ga yadda aka haɗa ta. Sai suka kafa wata gidauniya, suka ƙera ƴar ƙaramar na'ura wadda girmanta bai wuce katin shaidar ɗan ƙasa ba, suka sa mata suna Raspberry Pi. An fara sayar da ita ranar 29 ga Fabrairu 2012 a kan dalar Amurka 35. Mai karatu ya kula: dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Masu ƙera ta sun fara da guda 10,000. Ya zuwa farkon 2015 an sayar da fiye da miliyon 5. Ƴan makaranta suka saya, malamai suka saya, masu sha'awar haɗe-haɗen lantarki a gida suka saya. Sai dai na'urar tana zuwa tsirara: faifai ne kurum mai ɗauke da ƙwaƙwalwa da ramukan sa waya. Ba ta da allon da za a ga rubutu ko hoto a kai. Wanda ya saya sai ya haɗa ta da telebijin ɗin gidansu. A Turai wannan ba wahala ba ce, kowane gida da telebijin da wutar lantarki dare da rana. Amma wanda yake son ya ɗauki na'urar ya fita da ita gona, ko ya sa ta cikin aji inda babu wuta sai ta batir, lalle yana bukatar ƙaramin allo marar cin wuta.

Tun ran farko masu ƙera na'urar sun bar wani ɗan rami a jikin faifan musamman domin wannan allo. Ramin ya zauna wofi shekara uku da rabi.

Wata shida ya zama shekara biyu

Injiniyan da aka ɗora wa aikin, Gordon Hollingworth, ya bayyana da kansa cewa da ya fara neman allon ya ɗauka wata shida zai isa a gama. Cikin Oktoba 2014 Eben Upton ya nuna samfurinsa a wani taro a London, ana sa rai zai fito ƙarshen shekarar ko farkon mai zuwa. Shekara ta ƙare, wata ta kama, shiru. Masu jira suka yi ta tambaya biyu: yaushe zai fito, kuma nawa ne kuɗinsa? Wasu suka gaji suka sayi alluna na wasu kamfanoni, wasu suka daure.

Dalilan jinkirin uku ne. Na farko, sai da aka daɗe ana neman kamfanin da zai ba da gilashi mai kyau, mai sauƙin kuɗi, wanda kuma zai ci gaba da yin irinsa shekaru masu yawa, don kada malami ya tsara darasinsa kan allo ɗaya, baɗi a ce an daina yi. Na biyu, ma'aikatan kaɗan ne, kuma a wannan tsakani sun fitar da sababbin na'urori uku: ɗaya cikin Yuli 2014, ɗaya cikin Nuwamba 2014, da Raspberry Pi 2 cikin Fabrairu 2015. Na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne hayaniyar lantarki: doka ta hana a sayar da allon a Turai da Amurka sai an tabbata ba ya ɓata wa radiyo da sauran na'urorin maƙwabta aiki.

Daga ina hayaniyar take fitowa?

Tashar radiyo tana aika magana ta hanyar kaɗa wutar lantarki cikin dogon ƙarfe, wato eriya, tana kai ta tana komo da ita da sauri ƙwarai. Wannan kai da komo shi ke haifar da igiyoyin da ba a gani, waɗanda ke ratsa sarari har su iso ga akwatin radiyonka. A gajeren zango, wutar tana kaɗawa sau miliyon 3 zuwa miliyon 30 cikin daƙiƙa ɗaya. A zangon FM kuwa, daga wajen miliyon 88 zuwa miliyon 108.

To, ba eriyar tasha kaɗai ke iya wannan ba. Kowace waya da wuta ke kunnuwa tana mutuwa cikinta da sauri ta zama ƙaramar tasha, ko mai ita ya so ko bai so ba. Bambancin kurum shi ne tasha tana aika magana, waya kuwa tana aika ƙara.

Yanzu mu dubi allon. Faɗinsa daga kusurwa zuwa kusurwa inci 7 ne, wato wajen santimita 18. An shirya fuskarsa da ɗigo 800 a kwance, 480 a tsaye, jimla ɗigo 384,000. Kowane ɗigo sai an faɗa masa irin launin da zai nuna, kuma ana sake faɗa masa sau 60 cikin daƙiƙa ɗaya don ido ya ga hoto yana motsi ba tare da ƙyafta ba. In mai karatu ya yi lissafi zai ga saƙo fiye da miliyon 23 ke tafiya zuwa gilashin kowace daƙiƙa. Wannan sauri ya faɗa daidai cikin zangon da radiyo ke aiki. Bugu da ƙari, wutar da ke kunnuwa tana mutuwa farat ɗaya ba ta tsayawa ga saurinta kaɗai: takan haifar da ƙara a ninki biyu, da ninki uku, da gaba, har ta kai zangon FM da na telebijin.

Akwai hanyoyi biyu na kai saƙon ga gilashi. Hanya ta farko, wadda gilashi mai araha ke ganewa, tana amfani da wayoyi fiye da ashirin a jere, kowace tana tsalle daga babu wuta zuwa bolt 3.3. Wannan hanya mai hayaniya ce, kamar mata ashirin suna daka lokaci ɗaya. Hanya ta biyu, wadda ramin nan na jikin faifan ke amfani da ita, tana tura saƙo da wuta kaɗan cikin wayoyi biyu-biyu; in ɗaya ta hau, ƴar'uwarta ta sauka, saboda haka ƙarar ɗaya tana kashe ta ɗaya. Dabarar da injiniyoyin suka yi ita ce su kawo saƙon ta hanya mai shiru har bayan gilashin, can su sa wani ƙaramin faifai mai juya shi zuwa yaren da gilashin ke ji, don wayoyi masu hayaniya su zama gajeru. Wannan ƙaramin faifai shi aka yi ta gyara ana komawa da shi wurin awo.

Ɗakin awo

Wurin awon ɗaki ne da aka lulluɓe da ƙarfe don kada igiyar wata tasha ta shigo daga waje. An jera bangonsa da wasu abubuwa masu tsini da ke shanye igiya don kada ta yi amsa-kuwwa. Ana ɗora na'ura bisa tebur mai juyawa, a kafa eriya nesa da ita mita 3 ko mita 10, a kunna ta, a auna ƙarar da take fitarwa zango bayan zango. Doka ta ja layi. In ƙarar ta haura layin a wuri ɗaya tak, na'ura ta faɗi, sai a koma a sake zanen faifai, a aika masana'anta ta yi sabo, a jira makonni, a sake biyan kuɗin ɗakin. Layin da aka ja wa kayan gida ya fi na kayan masana'anta tsanani, domin a gida radiyo da telebijin suna nan kusa.

Na'urar da ta ci awon takan ɗauki tambari: haruffan CE domin ƙasashen Turai, FCC domin Amurka. Ita kanta Raspberry Pi ta sha wannan tun farkon fitowarta. Cikin Maris 2012 kamfanoni biyu masu rarraba ta suka ƙi aika ta ga masu saye sai ta sami tambarin CE, aka tsaya aka yi awo, ba a fara raba ta ba sai tsakiyar Afrilu.

Tsohon ciwo ne

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsala sabuwa ce. Tun 1934 ƙasashe suka kafa kwamiti na musamman domin kare radiyo daga ƙarar injuna. Da ƙananan na'urori masu ƙwaƙwalwa suka fara shiga gidajen Amurka, mutane suka yi ta kai kuka cewa telebijin ɗinsu na rawa, sai hukumar sadarwa ta ƙasar ta kafa doka a 1979. Wata na'ura mai suna TRS-80, wadda ta fito a 1977 kuma ta sami kasuwa ƙwarai, ƙararta ta kai har masu wasa da ita suna ajiye radiyo kusa don su ji sautin wasan. An daina yin samfurinta na farko cikin Janairu 1981, lokacin da dokar ta fara aiki.

Kamfanin Texas Instruments shi ma ya gamu da nasa. A 1979 ya fitar da na'urarsa TI-99/4, amma abin da zai haɗa ta da telebijin na gida bai sami amincewar hukuma ba. Dole aka riƙa sayar da ita tare da nata allo, kuɗinta ya kai dalar Amurka 1,150, masu saye suka ja da baya. Wato ke nan tun wancan zamani allo, da kuɗi, da hayaniyar lantarki a igiya ɗaya suke ɗaure.

Batun kuɗi

Ranar 8 ga Satumba 2015 allon ya fito. Kuɗinsa dalar Amurka 60, ban da haraji da kuɗin aikowa. Ana taɓa shi da yatsa kamar salula, yana kuma iya gane yatsu goma lokaci ɗaya. Wasu suka yi ƙorafi cewa allo ya fi na'urar da aka yi shi dominta tsada, kuma akwai masu araha a kasuwa. Gaskiya ne. Amma cikin dala 60 ɗin akwai kuɗin ɗakin awo, da na faifan da aka yi aka watsar, da na alkawarin ci gaba da yin allon shekaru. Araha ba ta ado.

Mu juya lissafin zuwa kuɗinmu. A canjin wancan lokaci, dalar Amurka 60 ta kama wajen jika 35 na sefa, na'urar kuma wajen jika 20. Jimla jika 55. In an ƙara harajin kaya na kashi 19 cikin 100 da ake biya a Nijar, an haura jika 65, tun ba a sa kuɗin jirgi, da na duwan, da na mota daga Yamai zuwa Tawa ba, ba a kuma sa katin ajiyar darussa, da akwatin da zai kare gilashi daga ƙurar hunturu, da batir, da faifan rana ba. A shekarar, mafi ƙarancin albashi da doka ta tsaida a ƙasarmu bai wuce jika 30 da ƴan kai ba. Allon kaɗai ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Saboda haka abin da Bature ke saye don nishaɗin ƙarshen mako, mu a nan kaya ne na makaranta, ko na ƙungiya, ko na ƙaramar hukuma, kuma wanda aka ba amanar sayensa ba shi da damar kuskure.

Cikin Nuwamba 2024 an fitar da allo na biyu mai ɗigo 720 da 1,280, hotonsa ya fi na farko kyau, kuɗinsa kuma bai tashi daga dala 60 ba.

Me ya haɗa wannan da Deule?

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga koyarwa da allo. Tun 1964 aka fara telebijin na makaranta a Nijar, kuma daga 1968 aka fara kunna wasu akwatunan da hasken rana a ajujuwan da babu wuta, abin da ƙasashe da yawa ba su yi ba a lokacin. Marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ba da rayuwarsa ga binciken ƙarfin rana. Ƙaramar na'ura da ƙaramin allo su ne jikokin waɗancan akwatuna. Su biyu tare ba su cin wutar da ta kai wat 10, ƙaramin faifan rana da batir ɗaya sun ishe su. Ana iya zuba littattafai, da darussan lissafi, da hotuna masu motsi cikin kati ɗaya, a karanta su ba tare da intanet ba. A garuruwan duwatsu irin na gundumar Buza da ta Keita, inda layin salula ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ajin yaƙi da jahilci.

Amma muna da wata dukiya da ta girme su duka, ita ce radiyo. An buɗe gidan radiyon ƙasa a 1958, aka kafa ƙungiyoyin masu saurare a 1962, daga 1999 kuma radiyoyin karkara suka fara yaɗuwa. Da radiyo manomin Majiya ke jin labarin damina, mai albasa ya ji farashi, uwa ta ji ranar rigakafi, makiyayi ya ji cigiyar dabba. Tashar da ke nesa muryarta takan iso a raunane, ƙara kaɗan ta isa ta binne ta. Yau kuwa kayan lantarki suna ta shigowa ƙauyuka: caja, da ƙwan fitila marar cin wuta, da na'urar juya wutar batir zuwa wutar gida. Dukansu suna aiki ne da kunna wuta da kashe ta sau dubbai cikin daƙiƙa. Mai kyau daga cikinsu an sa masa abin tace ƙara. Marar kyau an cire masa don a rage kuɗi, sai maƙwabci ya biya sauran da radiyonsa.

Abin da ya kamata a yi

Ga mai saye a kasuwa, akwai awo mai sauƙi wanda ba ya bukatar ɗakin ƙarfe. Ka tafi da ƙaramin radiyonka, ka sa shi a matsakaicin zango ko gajeren zango, inda babu tasha. Ka ce a kunna abin da kake so ka saya. In ka kusanta radiyon za ka ji ƙara, wannan ba laifi ba ne. Ka ja da baya taki biyu ko uku. In ƙarar ta ɓace, to. In tana nan da ƙarfinta, ka nemi wani. Ka duba wayarsa kuma: wani ɗan kumburi da ake gani kusa da kan wasu wayoyi ba ado ba ne, shi ke shanye ƙara, kada a yanke shi. Wanda ke da sana'ar caji ya gajarta wayoyinsa, ya nesanta teburinsa daga inda jama'a ke sauraren labarai.

Ga ma'aikatan hukuma da shugabannin ƙungiyoyi, muna ba da shawara uku. Ta farko, kada a dogara ga tambari kaɗai, domin mai ƙera kaya ne ke buga CE da kansa bisa alhakinsa, kuma akwai masu buga shi ba tare da awo ba; a nemi takardar shaidar awon, a sa ta cikin sharuɗɗan kwangila. Kayan da ke aika igiya da gangan, irin masu Wi-Fi, suna ƙarƙashin kulawar ARCEP, hukumar da ke lura da sadarwa a ƙasarmu tun 2018, ana iya tambayarta. Ta biyu, a yi lissafi da kuɗin da kaya zai kama a bakin ƙofar aji, tare da batir, da akwati, da wanda zai gyara, ba kuɗin da aka gani a takardar talla ba. Ta uku, kada a tsaida ranar buɗe aji kan kayan da ba su fito ba tukuna. Waɗanda suka tsara aikinsu kan allon nan a ƙarshen 2014 sun jira har Satumba 2015.

Injiniyoyin Kambirij sun sha zargi wata bayan wata saboda sun riƙe kayansu har ƙarar ta sauka ƙasa da layin doka, alhali radiyon da suke karewa ba nasu ba ne, na mutanen da ba su sani ba ne. Mu da radiyo ya fi yi wa amfani, mu ya fi kamata mu yi wannan tambaya kafin mu miƙa kuɗi: abin nan da zan kunna, zai bar maƙwabcina ya ji labarai?